Haƙƙin Kowa a Dajin Kowa

Akwai wata tsohuwar tambaya wadda masu hankali ba su gama da ita ba har wa yau. Idan abu na jama'a ne baki ɗaya, kamar rijiyar gari, ko burtali, ko makiyaya, shin kowane mutum yana da ikon ya yi amfani da shi yadda ya ga dama? Wanda aka tare shi da wannan tambaya ba shiri ya kan ce, "I mana, ai da rabonsa a ciki." Amma in ya koma gida ya kwanta ya juya maganar, sai ya ga ba ta da sauƙi haka. Mai guga yana da haƙƙi a rijiya. In kuwa ya kawo injin da zai zuƙe ruwan tun kafin mata su fito da tulunansu, to, ya ɗebi rabonsa ya haɗa da na waɗansu.

Mutanen Amurka sun yi shekara fiye da 70 suna ja-in-ja a kan irin wannan tambaya. Abin da su ke gardama a kansa shi ne gandun dajin gwamnati, watau ko ya kamata a bar masu yawon shaƙatawa su shiga cikinsa da babur da mota da jirgin ruwa mai inji, ko kuwa a ce sai da ƙafa, ko bisa doki, ko cikin kwalekwale. Gardamar ta shiga majalisa, ta shiga kotu, ta raba maƙwabta, har ta kayar da ɗan takara a zaɓe. Ya kamata a dube ta da kyau, zama kowane gefe yana da magana mai nauyi.

Yadda dajin ya zama na kowa

A shekarar 1891 Majalisar Dokokin Amurka ta ba Shugaban Ƙasa ikon ya keɓe dazuzzuka don kada 'yan katako su share su. A 1905, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, aka kafa Hukumar Gandun Daji, aka ɗora wani mutum mai suna Gifford Pinchot a kanta. Dazuzzukan da hukumar nan ke riƙe da su, tare da filayen ciyawa, sun kai wajen eka miliyan 193, watau sun fi kashi huɗu cikin biyar na faɗin Nijeriya duka.

Tun daga farko ra'ayi ya rabu biyu. Shi Pinchot ya koyo aikin daji a Faransa, yana kallon daji kamar gona ce babba wadda za a riƙa cin amfaninta da hankali, don ta amfani mafi yawan mutane, ta kuma daɗe tana amfaninsu. Akwai kuma John Muir, wanda ya kafa ƙungiyar Sierra Club a 1892. Shi a wurinsa akwai wuraren da darajarsu ita ce a bar su yadda aka halicce su, mutum ya je ya gani ya dawo da natsuwa. Jikokin waɗannan ra'ayoyi biyu su ne ke gardama yau.

A 1960 Majalisa ta yi doka ta ce gandun daji yana da amfani biyar, kuma a kula da su duka: shaƙatawa, da kiwo, da katako, da tsare mafarin ruwa, da namun daji tare da kifi. Bayan shekara 4, ran 3 ga Satumba 1964, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan wata doka dabam, wadda za a iya kira Dokar Ƙungurmin Daji. Ta keɓe eka miliyan 9.1 inda ba a yin hanya, ba a gina gida, ba a shiga da mota ko wani abin hawa mai inji. Howard Zahniser, wanda ya rubuta ta, ya yi shekara 8 yana gyara ta yana kai ta Majalisa, ya rasu 'yan watanni kafin a sa hannu. Daga baya an yi ta ƙara wurare, har irin wannan ƙasa ta wuce eka miliyan 110, ko da ya ke fiye da rabinta a Alaska ta ke.

Zuwan inji

Sa'ad da aka keɓe dazuzzukan nan, dajin da kansa shi ke tsaron kansa. Duwatsu da fadamu da dusar ƙanƙara su ne shingensa. Wanda ya ke son ya kai tsakiyarsa sai ya yi guzuri ya yi tafiyar kwanaki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motar jif ta soja ta faɗo hannun farar hula. A 1959 wani mutumin Kanada, Joseph-Armand Bombardier, ya fito da wani ɗan abin hawa mai inji wanda ke gudu a kan dusar ƙanƙara. A 1970 kamfanin Honda ya kawo babur mai ƙafa uku da manyan tayoyi, daga baya aka yi mai ƙafa huɗu, wanda ba ruwansa da hanya, yana hawa tudu yana ratsa rafi. Bisa ga lissafin Hukumar Gandun Daji, masu hawa irin waɗannan abubuwa a Amurka sun tashi daga wajen miliyan 5 a 1972 zuwa miliyan 36 a 2000.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A 1972 Shugaba Richard Nixon ya ba da umarni a tsara wuraren da a ke iya shiga da inji da inda ba a iyawa, a kan sharaɗin a rage ɓarnar ƙasa da ruwa da tsiro, a rage firgita namun daji, a kuma rage rikici tsakanin masu amfani da dajin. A 1977 Shugaba Jimmy Carter ya ƙara da cewa in ma'aikaci ya ga ɓarna ta yi yawa a wani wuri, ya rufe shi nan take.

Abin da masu inji ke faɗa

Maganarsu ta fari ita ce dajin nasu ne kamar yadda ya ke na kowa. Suna biyan haraji. Har ma tun daga 1991 a kan ɗebi wani kaso daga harajin man da su ke ƙonawa a gyara hanyoyin daji, waɗanda masu tafiya da ƙafa ma ke morewa. Da yawa cikinsu su kan ba da ranakun hutunsu kyauta su share itatuwan da suka faɗi a hanya.

Ta biyu, ba kowa ke da ƙafa da lokaci ba. Ga tsoho wanda ya tashi yana kamun kifi a wani tafki, yanzu gwiwa ta ƙi. Ga tsohon soja da ya bar ƙafarsa a fagen fama. Ga ma'aikacin da hutunsa kwana biyu ne rak a mako, ba shi da halin tafiyar kwana biyar. In aka ce sai da ƙafa, in ji su, an ba samari masu ƙarfi da masu sukuni dajin, an kori sauran.

Ta uku, abinci. Ƙananan garuruwa da yawa da ke bakin daji sun rayu da haƙar ma'adinai da yankan katako. Da waɗannan sana'o'i suka ja baya, sai baƙi masu babur da masu jirgi suka zama su ke cika masaukai, su ke sayen mai da abinci. Rufe hanya ɗaya ya kan rufe kanti uku.

Ta huɗu ita ce mafi zafi. A jihar Nevada wajen kashi 80 cikin 100 na ƙasar a hannun gwamnatin tarayya ya ke. Mutanen irin waɗannan wurare su kan ce waɗanda ke zaune a manyan birane, waɗanda suka riga suka share nasu dajin suka shimfiɗa kwalta, su ne ke yanke musu hukunci a kan bayan gidansu.

Abin da masu son shiru ke faɗa

Su kuma su kan fara da ƙasa. Taya mai ƙarfi ta kan tumɓuke ciyawa ta bar sawu. In ruwan sama ya zo sai ya bi sawun, yau ɗan rami, baɗi kwazazzabo. Lakar da ruwan ya kwashe ta kan gangara rafi ta rufe tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai a ciki. Har wa yau tayoyi su kan ɗauko irin muguwar ciyawa daga wata ƙasa su zubar a wata. Babur ɗaya in ya ratsa fadama, na bayansa ya kan ɗauka hanya ce, kafin a ankara an sami hanyar da ba wanda ya tsara ta, ba kuma mai gyara ta.

Sa'an nan dabbobi. A wani gandun gwaji mai suna Starkey a jihar Oregon, masana sun ɗaura wa wata irin babbar barewa mai girman gwanki, wadda a ke kira elk, na'urar da ke nuna inda ta ke. Suka riƙa aika mutane cikin dajin, wani lokaci da ƙafa, wani lokaci bisa doki, ko keke, ko babur mai ƙafa huɗu. Suka tarar dabbar tana guje wa dukansu, amma ta fi guje wa babur, tun yana nesa. Gudun nan kuwa yana cin lokacin kiwonta, ga shi da kitsen da ta tara da rani ta ke ƙetare sanyin hunturu.

Maganarsu ta ƙarshe ita ce shiru. Mutumin da ya yi kwana biyu yana tafiya don ya zauna inda ba ya jin kome sai iska da kukan tsuntsu, in ƙarar inji ta taso daga bayan tudu, abin da ya zo nema ya tafi, ko da bai ga mai injin da idonsa ba. Daɗin daɗawa, inji ya kan rage girman daji. Tafiyar da mai ƙafa zai yi wuni guda, mai babur ya kan yi ta cikin sa'a ɗaya. Dajin da ya ke faɗin kwana uku sai ya koma faɗin hantsi.

Labarin garin Ely

A arewacin jihar Minesota, kan iyaka da Kanada, akwai wani yanki cikin gandun dajin Superior da a ke kira Boundary Waters, watau ruwan kan iyaka. Faɗinsa ya wuce eka miliyan 1, tafkunansa sun fi 1,000. Tun zamanin da mutanen Ojibwe, 'yan asalin wurin, ke yin kwalekwale da ɓawon itace, yadda a ke tafiya a can shi ne a tuƙa kwalekwale zuwa ƙarshen tafki, a ɗauke shi a kafaɗa a ratsa tudu, a sake sa shi a tafki na gaba.

Bayan yaƙi sai ƙananan jiragen sama masu sauka a kan ruwa suka riƙa kai masu kamun kifi har tsakiyar yankin. A 1949 Shugaba Harry Truman ya hana jirgi tashi ƙasa da ƙafa 4,000 a samansa. Dokar 1964 ta haɗa da yankin, amma ta yi masa togiya, ta bar jiragen ruwa masu inji inda aka saba da su. Wannan togiya ba ta gamsar da kowa ba, aka yi ta kai ƙara kotu.

A 1977 'yan Majalisa suka zo garin Ely, wanda ke bakin dajin, don su ji ta bakin jama'a. A garin akwai wani dattijo marubuci, Sigurd Olson, mai shekara 78, wanda ya yi yawancin rayuwarsa a nan, ya koyar da 'ya'yan garin a kwalejinsu. Shi yana goyon bayan a hana inji. Ran nan aka yi mutum-mutuminsa aka rataye a waje, da ya tashi magana kuma aka yi ta yi masa ihu. Waɗanda suka yi haka ba baƙi ba ne, maƙwabtansa ne, masu tsoron kada a rufe musu hanyar abinci. A shekarar da ta biyo, Donald Fraser, ɗan Majalisar da ya kawo ƙudurin tsare yankin, ya nemi jam'iyyarsa ta tsai da shi takarar Majalisar Dattawa, ya faɗi da ƙuri'a kaɗan, mutanen arewacin jihar kuwa suna cikin waɗanda suka kayar da shi.

Daga ƙarshe aka zaunar da lauyoyi biyu, Charles Dayton na masu son shiru da Ron Walls na garin Ely, suka yi ciniki. A kan abin da suka shirya aka gina dokar da Shugaba Carter ya sa wa hannu a watan Oktoba 1978. Ta hana yankan katako a yankin. Ta rage ruwan da jirgi mai inji ke iya bi sannu a hankali, har ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu, yawancinsa manyan tafkunan gefe, ta kuma ƙayyade ƙarfin injin. Ta ba masu masaukai a bakin waɗansu tafkuna damar su sa gwamnati ta saye wurarensu in sun ga ba za su iya ci gaba ba. Ba wanda ya sami dukan abin da ya ke so. Har a 1998 sai da aka sake taɓa dokar, aka yarda a riƙa jan jirage da mota a mashigi biyu tsakanin tafkuna. Amma shirin ya tsaya da ƙafarsa fiye da shekara 40.

Labarin shebur

Ga kuma abin da ya faru inda ba a yi irin wannan zama ba. A 1995 ambaliya ta cinye wata 'yar hanya da ke bin bakin kogin Jarbidge a Nevada, cikin gandun dajin gwamnati. Hukuma ta ƙi sake gina ta, domin akwai wani irin kifi a kogin wanda ya kusa ƙarewa, laka kuwa tana cutarsa. Mutanen gundumar Elko suka ce hanyar ta kakanninsu ce. Magoya bayansu daga jihohi dabam dabam suka aiko musu da dubban shebur. Ran 4 ga Yuli 2000, ranar bikin 'yancin Amurka, ɗaruruwan mutane suka taru suka ɗaura igiya a wani ƙaton dutse da ya tare hanyar, suka ja shi gefe. Hanyar da a ke faɗa a kanta ba ta kai mil 2 ba, amma shari'arta ta yi fiye da shekara 10 a kotu. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya tara mutanen nan ya fi ƙarfin 'yar hanya, jin da su ke yi ne ba a ɗauke su a bakin kome ba.

Ma'auni uku

To, da me za a auna wannan gardama? Cewa daji na kowa ne ba ya raba ta, gama duka gefen biyu da wannan kalma su ke kafa hujja. Sai an nemo ma'aunin da ya wuce nan.

Ma'auni na fari shi ne a duba abin da mutum ya bar wa ɗan'uwansa bayan ya ɗauki nasa. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya yana son barci, ɗaya yana son kiɗan kalangu. In alkali ya ce kowa ya yi abin da ya ke so, ya yi kamar ya raba daidai, alhali kuwa ya ba makaɗi ɗakin duka, domin barcin mai barci ba ya hana kiɗa, amma kiɗa yana hana barci. Haka abin ya ke a daji. Mai ƙafa 100 za su iya wucewa ta wani kwari mai babur bai rasa kome ba. Mai babur ɗaya in ya wuce, ɗarin nan sun rasa shirun da suka zo nema. Saboda haka barin kowa ya shiga ko'ina yadda ya so hukunci ne wanda ya faɗa gefe ɗaya. Adalci a nan sai da iyaka: nan wurin inji, can wurin shiru.

Ma'auni na biyu shi ne a tambaya, in an yi kuskure, wane kuskure ne ke gyaruwa? Hukuma tana iya rufe hanyar da bai kamata ta rufe ba. In an gane haka baɗi, sai a cire ƙyaure, shi ke nan. In kuwa ta buɗe gangaren da bai kamata ta buɗe ba, ƙasar da ruwa ya kwashe ba ta dawowa a zamanin mutum ɗaya, kifin da ya ƙare kuma ya ƙare ke nan. Masu hasarar nan ba su zuwa taron jin ra'ayi, domin waɗansunsu dabbobi ne, waɗansu kuma ba a haife su ba tukuna, ga shi da rabonsu a dajin. Rigakafi ya fi magani. Wannan shi ne hikimar ƙa'idar da Hukumar Gandun Daji ta kafa a 2005. Kafin wannan shekara, a dazuzzuka da yawa ko'ina a buɗe ya ke sai inda aka kafa allon hani. Ƙa'idar ta juya abin: kowane gandu ya buga taswira mai nuna hanyoyin da aka yarda a bi da inji, abin da ba ya cikin taswira a rufe ya ke.

Maganar tsoho da gurgu fa? Tana da nauyi, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Dokar naƙasassu ta 1990 ta tabbatar da cewa mai keken guragu yana da ikon shiga ƙungurmin daji da kekensa. Ban da wannan, gandun dajin gwamnati yana da hanyoyin mota wajen mil 370,000, wurin da aka hana inji ƙwata-ƙwata da dokar 1964 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsa ba. Duk da haka gaskiya ce akwai tafkin da tsoho ba zai sake gani ba. Sai dai a lura, dokar ba ta tsai da kowa a ƙofa don sunansa ko arzikinsa ba, injinsa ta ce ya ajiye. Saurayin da ke ɗaukar kwalekwale a kafaɗa yau shi ne tsohon gobe, shi ma ranar tana zuwa da zai tsaya a baki. In aka kai hanyar mota kowane lungu don kowa ya isa, za a isa, amma abin da aka zo gani ba ya nan, jikan tsohon kuma ba zai taɓa sanin abin da kakansa ya sani ba.

Ma'auni na uku shi ne a duba wanda nauyin hukuncin ya faɗa a kansa. A nan ne masu son shiru su kan yi tuntuɓe. Amfanin tsare daji na ƙasa ne baki ɗaya, amma hasararsa ta kan sauka a kan 'yan garuruwa kaɗan. Mutumin birni ya sa hannu a takardar koke ya koma harkarsa, mai masauki a bakin tafki shi ke rufe ƙofa. Wanda ya ce a hana, wajibi ne ya yarda a saurari maƙwabtan dajin tun kafin a yanke magana, a ba su wa'adi, a biya wanda ya yi hasara, a kuma bar musu wuraren hawa masu kyau waɗanda a ke gyarawa. Ba daidai ba ne a kalle su kamar jahilai maɓarnata. Shi ma mai ƙafa da mota ya zo bakin dajin, barewar Starkey kuwa ba ta tsaya ta gaishe shi ba.

Wannan ma'auni ba sabo ba ne. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin Sayyadina Umaru, sa'ad da ya keɓe wani hurumi na kiwo don dabbobin da a ke hawa saboda Allah, ya ɗora wani baransa mai suna Hunayyu a kansa. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken manyan attajirai, domin su in dabbobinsu sun hallaka suna da gonaki da dabino. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa ƙasar ta mutanen wurin ce, suna ganin ya zalunce su, ba don larurar jama'a ba da bai keɓe ko taƙi ɗaya ba. Ya kafa iyaka bai janye ba, amma bai raina waɗanda iyakar ta taɓa ba.

Inda maganar ta kwana

Gardamar ba ta ƙare ba. A watan Janairu 2001 gwamnatin Shugaba Bill Clinton ta hana yin sababbin hanyoyi a eka miliyan 58.5 na gandun daji, aka yi shekaru ana shari'a a kai. A watan Yuni 2025 Sakatariyar Aikin Gona, Brooke Rollins, ta ba da sanarwar gwamnati tana nufin soke wannan hani. Kowace gwamnati ta zo sai ta ja igiyar wajen nata gefen, injuna kuma kullum ƙara ƙarfi su ke yi.

Abin da labarin Ely da na Jarbidge ke nunawa shi ne, iyakar da aka shata da mutane a zaune ta fi wadda aka aiko musu a takarda daɗewa. Amma iyakar kanta ba makawa sai da ita. Rabon mutum a dukiyar jama'a yana ƙarewa ne a daidai inda ya fara cin rabon wanda ke gefensa da wanda ke tafe bayansa. Mai babur yana da haƙƙin hanyarsa, a gyara masa ita, kada a wulakanta shi a kanta. Inda taswira ta ƙare kuwa, sai ya kashe inji ya sauka, ya shiga da ƙafa kamar kowa, ya tarar da dajin yadda na gabansa ya bar masa.